Sai Masu Gida: Yadda Ƙungiyoyi Uku Suka Zama Kano Pillars

Wanda ya tashi a Fagge ba sai an gaya masa yau Pillars na da wasa a gida ba. Tun bayan azahar majalisu ke fara watsewa, masu adaidaita sahu su ɗaura ƙyalle kore da ruwan ɗorawa a jikin madubi, hanyar Ƙofar Mata ta cushe da samari a ƙafa. Tela ya rufe shago da ɗinkin mutane a kan keke. Wanda bai samu tafiya ba ya jingina rediyo da bango, ya hana yara motsi. Ko ta ina kirari ɗaya ake yi: sai masu gida!

Na daɗe ina juya kalmar nan a raina, domin gidan nan masu shi biyu ne. A takarda, Kano Pillars ƙungiyar gwamnatin jiha ce: ita ke naɗa shugabanni, ita ke biyan albashi, ita ke sauke wanda ta ga dama. A bakin jama'a kuwa ba ka jin "ƙungiyar gwamnati". Abin da za ka ji shi ne "mun ci", "an cuce mu", "sun sayar mana da yaro". Tarihin Pillars duka a tsakanin waɗannan masu gida biyu yake tafiya.

Ƙwallo ta riga Pillars zuwa Kano da shekaru masu yawa. Layin dogo ya iso a 1911, ba a jima ba aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Su da makarantun mishan da kamfanonin Turawa ne suka fara buga tamaula a tsare, da riguna da alƙalin wasa. Fagge kuwa, tsohon zangon fatake, tana tsakanin ganuwar birni da Sabon Gari, kuma duk wani sabon abu da zai shiga cikin gari sai ya yada zango a can tukuna. Yaran Fagge sun ga wasan a maƙwabta, suka ɗauka, suka shigar da shi lungu. Har yau babban filin wasan da ke Sabon Gari, wanda ake kira da sunan Pillars, yana cikin ƙaramar hukumar Fagge ne.

A 1953 ƙungiyar Kano ta ɗauko Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale na ƙasa. Sai kuma zamanin Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan gidan Raccah na cinikin gyaɗa, wadda ta zama zakarar gasar Najeriya a 1978. A shekarar nan ce ma ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, inda Pele da kansa ya sa rigar baƙin ya shiga fili. Dattawan da suka ga Raccah ba sa yarda a haɗa ta da kowa, kuma ba na musu da su, tunda ban gani ba. Abin da ya tabbata shi ne Raccah ta dushe, ta bar Kano da ƙananan ƙungiyoyi da kowace ke jan nata.

A 1990 Najeriya ta buɗe gasar ƙwararru, inda ɗan wasa zai ci abinci da ƙafarsa a fili, a daina fakewa da sunan ma'aikacin wani ofishi. A shekarar ce, lokacin mulkin Kanar Idris Garba, aka narkar da ƙungiyoyi uku aka fitar da ɗaya: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Dubi iyayen da kyau. WRECA hukumar gwamnati ce mai gina madatsun ruwa da haƙa rijiyoyi. Bank of the North banki ne mai hedikwata a Kano, wanda shi ma daga baya, a 2006, aka narkar da shi cikin Unity Bank. Wato Pillars 'yar ma'aikatu ce tun daga haihuwa, da nonon hukuma aka shayar da ita. Cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan haɗaka akwai Alhaji Ibrahim Galadima, ɗan Fagge, wanda ya zo ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006. Shi ne mutumin da ya jawo wa kansa surutu da ya nuna cewa zuwa gasar cin kofin duniya ba gadon Najeriya ba ne, bayan Angola ta riƙe Super Eagles ɗaya da ɗaya a nan Kano a 2005, ta kuma tafi Jamus ta bar mu.

Wannan asali na ma'aikata ba a kanmu aka fara ba. A Amurka, inda suke da tasu ƙwallon mai kama da gwanda wadda ake runguma a ruga da ita, akwai ƙungiyar Green Bay Packers da aka kafa a 1919. Sunanta ma daga wani kamfanin cusa nama a gwangwani ta samo shi, domin shi ya biya kuɗin rigunan farko. Inda hanya ta rabu shi ne, da kuɗi suka yanke mata sai aka sayar wa mutanen gari hannun jari, kuma yau masu hannu a cikinta sun haura dubu ɗari biyar, a garin da mazaunansa ba su fi dubu ɗari da 'yan kai ba. Sauran ƙungiyoyin gasarsu na attajirai ne, mai ita kan iya kwashe ta ya sauya mata gari, kamar yadda aka ɗauke Raiders daga Oakland zuwa Las Vegas a 2020. Babu mai iya ɗauke Pillars daga Kano, amma babu ɗan kallo ko ɗaya da ke da ƙuri'a a kan wanda zai shugabance ta.

Shekarun farko na Pillars na faɗi-tashi ne, ba wani abin a zo a gani. Abin da ƙungiyar ta fara ginawa kafin kofi shi ne tsoron gidanta. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da gasar cin kofin Afirka a 2000, ya zama wurin da baƙo ke shiga da addu'ar a tashi canjaras. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015, shekara goma sha biyu cur, ba a ci Pillars a gida a gasar ƙasa ba, sai da Nasarawa United ta zo ta yi mata biyu da ɗaya. Masu adawa kan ce alƙalan wasa ne ke jin tsoron taron. Ba zan ce ƙarya suke yi gaba ɗaya ba, domin a gasar Najeriya cin wasa a waje abu ne mai wuya ga kowa. Sai dai wanda ya taɓa zama a wannan fili da la'asar, rana na dukan ƙeya, ganga na tashi, mai ruwan leda na ratsa sahu, mutum dubu goma sha wani abu suka miƙe tsaye lokaci ɗaya, ya san ƙafar baƙo na iya yin sanyi ba da taimakon kowa ba.

Kofin gasar ƙasa na farko ya zo a 2008 a hannun koci Kadiri Ikhana. Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda har yanzu ake ba da labarinta a teburin mai shayi. A gasar zakarun Afirka ta 2009 aka haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin, ƙungiyar da ta fi kowace tara kofuna a nahiyar. Aka yi ɗaya da ɗaya a Kano, kowa ya ce shi ke nan, a Alƙahira za a yi jana'iza. Sai aka tashi biyu da biyu a can, ƙwallayen waje suka fitar da Al Ahly. Pillars ta wuce rukunin da ke da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ta kai wasan dab da na ƙarshe. Nan kuma 'yar gida ce ta kwance mata zani a kasuwa: Heartland ta zura mata huɗu a Owerri, ta biyo ta Kano ta ƙara ɗaya.

A wannan tsakanin ne wani siririn yaro daga Jos, Ahmed Musa, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, abin da ya karya tarihin gasar a lokacin. Daga nan ya wuce VVV-Venlo ta Holan, sai CSKA Moscow, sai Leicester, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Sani Kaita da Shehu Abdullahi ma ta nan suka bi. Amma in ka tambayi 'yan kallo wane ne nasu, Rabi'u Ali za su ce maka, wanda suka laƙaba wa Pele, mutumin da ya tsufa a cikin rigar yana buga ƙwallon da ta tsaya kamar da hannu yake ajiye ta. Da shi da Gambo Mohammed aka ɗauki kofi sau uku a jere: 2012 da 2013 ƙarƙashin Mohammed Baba Ganaru, 2014 ƙarƙashin Okey Emordi. Kafin su, Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne suka taɓa yin haka. Kuma duba sunayen da ke cikin tawagar a waɗannan shekaru: Theophilus Afelokhai a raga, Ubong Ekpai a gaba. Ƙungiyar da ake wa kirari da masu gida ba ta taɓa tambayar ɗan wasa garinsu ba, halin da nake ganin daga Sabon Gari ta gado shi.

Daga nan jarrabawa ta biyo baya. A Maris 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyar Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo. A Fabrairun 2018 ɗan baya Chinedu Udoji ya rasu a haɗarin mota a cikin Kano, sa'o'i kaɗan bayan ya buga wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba. A ƙarshen shekarar, a wasan ƙarshe na Kofin Aiteo, wato Kofin Ƙalubalen nan da aka sauya wa suna, a Asaba, Pillars na gaba da ci uku ba ko ɗaya, Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. A daren nan gidajen kallo na Fagge sun yi tsit kamar an yi rasuwa. An rama a 2019 a Kaduna, inda aka doke Niger Tornadoes, shi ma a fenareti, kofin ya dawo Kano bayan shekara 66.

Sai dai ƙaunar da ta gina gidan ita ce ta kusa rushe shi. A 2019 magoya baya suka kutsa fili a Agege bayan wasa da Rangers, aka ci tarar ƙungiya, aka dakatar da Rabi'u Ali. A Afrilun 2022, bayan dogon zaman haya a Kaduna, inda ƙungiyar ke buga wasanninta na gida, ranar da aka dawo gida aka farfasa motar Katsina United. Aka zabtare maki, aka sake korar ƙungiyar daga filinta, kuma a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu. Mutumin da ba shi da ta cewa a ofis, a fili yake huce haushinsa, amma dutsen da ya jefa a kan ƙungiyarsa yake sauka. Gwamnati kuma, da ke sauya shugabannin kulob duk lokacin da siyasa ta juya, ba ta da bakin ɗora wa 'yan kallo laifin duka.

Shekara ɗaya Pillars ta yi a ƙasa ta dawo a 2023, tare da Katsina United da Heartland da suka faɗi tare. Ahmed Musa, wanda ya taɓa dawowa na ɗan lokaci a 2021, ya sake sa rigar a 2024, kuma a 2025 gwamnatin jiha ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar alhali bai rataye takalmi ba.