Jaruman da Leɓensu Kawai ke Motsi

Duk wanda ya yi ƙuruciya a zango, a zamanin da akwatin talabijin ɗaya ke ɗaukar unguwa guda, ya san irin zaman da muke nufi. Da yamma mu yara mukan yi cincirindo a ƙofar mai akwati. Wanda ya wanke ƙafa ya samu tabarma, wanda bai wanke ba ya leƙa ta taga. A cikin akwatin ga wani ƙato mai faffaɗan ƙirji a tsaye ƙiƙam, babu abin da ke motsi a jikinsa sai leɓe. Ba ma jin abin da yake faɗa, amma mun tabbata duniya yake shirin ceta. Yau idan muka sake kallon waɗannan katun a waya, dariya ce ke fara kama mu: ashe jaruman namu ko tafiyar kirki ba sa yi? Wannan ƙarancin motsi yana da tarihi, kuma tarihin na kuɗi ne.

Fim yana gudu ne da hoto 24 a kowane sakan. A zamanin silima, masu zane kan zana kusan kowane motsi da hannu. Katun ɗin Superman na farko, wanda kamfanin Fleischer ya fitar a Amurka a 1941, ya ci kimanin dala 50,000, alhali tsawonsa minti goma ne kacal. Da talabijin ya shiga gidaje, kasuwar gajerun katun na silima ta faɗi. A 1957 kamfanin MGM ya rufe sashensa na zane, William Hanna da Joseph Barbera, masu Tom da Jerry, suka rasa aiki. Sun saba kashe wajen dala 35,000 a kan minti bakwai. Da suka koma wa talabijin, abin da aka ba su a kan minti biyar bai wuce dala 3,000 ba.

Da babu gara ba daɗi. Sai suka zana gangar jiki sau ɗaya a ajiye, suka ware baki da ido da hannu a kan wasu fallaye masu kama da gilashi, su kaɗai ake sauyawa. Idan za a yi gudu, bango ne ke zagayawa, shi ya sa mukan ga tagar nan guda ta wuce sau biyar. Hatta kwalar da aka sa wa Yogi Bear a wuya dabara ce ta raba kai da jiki, don kan ya juya ba tare da an sake zana sauran ba.

Jaruman littattafan zane sun shigo wannan kasuwa a 1966, da shirin The Marvel Super Heroes na kamfanin Grantray-Lawrence: kashi 65, ɗauke da Captain America, Hulk, Iron Man, Thor da Sub-Mariner. A nan tsimin ya kai maƙura. Shafukan da su Jack Kirby da Steve Ditko suka zana a littafi aka kwafa da injin Xerox, aka motsa leɓe, aka ɗaga hannu, aka matso da kyamara kusa, aka girgiza hoton idan an kai naushi. Sauran aikin kuwa murya da kiɗa ne suka yi shi.

Spider-Man ya biyo baya a 1967. Mai lura zai ga cewa saƙar gizon da ke rigarsa a littafi ta tsaya a kai da hannuwa da takalma, ƙirjin an bar shi fayau, domin kowane layi kuɗi ne. Duk da haka kamfanin ya karye bayan zangon farko, aikin ya koma hannun Ralph Bakshi a New York da kasafi mafi ƙanƙanta. Ya yi ta maimaita hoton jarumin yana lilo tsakanin benaye don cike lokaci, har akwai kashi biyu da aka ɗauko daga wani katun dabam, Rocket Robin Hood, aka cire jaruminsa aka saka Spider-Man.

Chuck Jones, ɗaya daga cikin manyan masu zanen silima, ya yi wa irin wannan aiki ba'a da cewa rediyo ne da aka yi wa hoto. Bai san cewa a bakin iyayenmu sunan talabijin ke nan ba: rediyo mai hoto. Akwatin kansa ya iso mana a makare, Ghana a 1965, Kamaru sai 1985, kuma katun da ya kawo mana sun riga sun tsufa a ƙasarsu. Amma sun tarar da yaran da suka saba da tatsuniya. Kakarmu ba ta taɓa nuna mana Gizo ba, murya kawai ta sauya, mu muka gan shi. Haka muka yi wa Hulk: an ba mu hoto biyu da ƙarar rushewar bango, muka cike tsakaninsu da kanmu. Washegari a filin wasa kowa ya rantse ya ga tsallen da ba a taɓa zanawa ba.

Ba ma cewa na dā ya fi na yau kyau. Bai fi ba. Amma akwai darasi. A Japan, Osamu Tezuka ya fara Astro Boy a 1963 da irin wannan tsimi, da hoton da bai wuce takwas a sakan ba, kuma a kansa aka gina masana'antar da ta cika duniya. Mu kuma, a ƙasashen da muke tsiraru, ƙannenmu da 'ya'yanmu suna kallon jarumai da Turanci da Faransanci, Hausa tana ta janyewa daga bakinsu. Idan aka tambaye mu ina katun ɗin Gizo da Ƙoƙi, ina na Bayajida da macijin Kusugu, sai mu ce babu kuɗi. Waɗanda suka cika mana ƙuruciya da jarumai su ma ba su da shi. Abin da suke da shi labari ne, da murya, da hoto kaɗan, kuma ukun nan babu wanda muka rasa.