Larurar ADHD a Manya

ADHD larura ce da ta shafi tasowar ƙwaƙwalwa. Mai ita yana fama da wahalar tattara hankali wuri ɗaya, yawan mantuwa, rashin natsuwa da yanke hukunci cikin gaggawa. Tun yarinta take farawa, amma da yawa ba a gano tasu sai sun girma, musamman mata, domin tasu ta fi zuwa da shagala maimakon ƙiriniya. Kafin nan sun sha zargin lalaci, kuma zargin ba adalci ba ne.

A 2013 littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya sassauta sharaɗin gano larurar: alamomi biyar sun wadatar ga mai shekara 17 zuwa sama, maimakon shida, muddin wasunsu sun bayyana kafin shekara 12.

Ana ba da magani irin methylphenidate, sai dai ƙwaya ba ta koya wa mutum tsara yininsa. Wannan aikin mai horarwa ne: ya zauna da ma'aikaci mai larurar su rarraba rahoton wata zuwa ƙananan ayyuka, su saita ƙararrawar waya, su nemi shugaba ya riƙa ba da umarni a rubuce. A Birtaniya shirin gwamnati na Access to Work yana iya ɗaukar nauyin irin wannan horo.