Gumin da Ba Ya Hawa Sikeli: Aikin Tilas a Tarihin Kasuwancin Fagge da Sabon Gari

Hausawa kan ce kasuwa a kai miki dole. A tarihin Kano wannan magana ta wuce azanci kurum, domin an daɗe ana kai wa kasuwa kayan da aka noma bisa dole, aka ɗauko bisa dole, wani lokaci ma ɗan Adam shi ne hajar. Fagge da Sabon Gari, unguwanni biyu da ke bayan ganuwa, su ne mashigar dukiyar birnin da mafitarta, ta farko a zamanin raƙumi, ta biyu a zamanin jirgin ƙasa. Wanda ya bi diddigin kayan da suka ratsa su zai tarar sunan aikin tilas ne ya yi ta sauyawa, amma abin da ya raya shi yana nan: mai saye ba ya tambayar hannun da kaya suka fito.

Fagge tsohon zango ne, inda ayarin Abzinawa kan sauke gishirin Bilma, ya ɗauki hatsi da tufafi ya nufi arewa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga birnin a shekara sun kai kimanin 5,000. Sai dai mafi yawan bayi ba su ƙetare hamada ba. A rumada suka zauna da gandayen sarauta irin na Fanisau, suna noman dawa da auduga da baba. Daga nan auduga ta tafi hannun masaƙa, baba ya faɗa karofi, turkuɗi ya hau raƙumi. Wanda ya saye shi a Agadas ko Murzuk sheƙi ya gani, bai ga wanda ya duƙa a kunya ba.

Ba za a ce mutanen wancan zamani ba su san nauyin abin ba. A wajajen 1615 aka aika wa Ahmad Baba na Tambutu tambaya daga Tuwat game da bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. Ya amsa cewa launin fata ba hujjar bautarwa ba ce, ya lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da ba ya halatta a mallaki 'ya'yansu. Malamin bai rushe bauta ba, amma ya kafa wata ƙa'ida mai nauyi: idan wanda ake riƙe da shi ya ce shi ɗa ne daga irin waɗannan ƙasashe, mai riƙon ne zai kawo hujja. Ma'ana, rashin bincike ba ya wanke mai saye.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, an rufe cinikin bayi a fili. Dokar Lugga ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba ta saki iyayensa ba. Gudun kada noma ya durƙushe, sarakuna su bijire, sai aka bar bawa ya fanshi kansa ta hanyar murgu, wato ya nemi kuɗi ya riƙa biyan ubangidansa. Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa.

A cikin waɗannan shekaru ne gwamnatin da ke tinƙaho da hana bauta ta buɗe nata babin. Layin dogo da ya taso daga Baro, bakin Kwara, ya iso Kano a 1911, da ƙarfin talakawa aka shimfiɗa shi. Akan yanka wa hakimai adadin mutanen da za su kawo, hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya ɗebi wanda ba shi da mai tsaya masa. Ana biyan lada, amma babu damar cewa a'a, shi ya sa da yawa suka riƙa gudu. Aikin diga kenan da kakanni ke ambata.

Jirgi ya fara jigila a 1912, aka yanka Sabon Gari a wajajen 1913 domin akawuna da ma'aikatan da suka biyo shi daga kudu. Turawa sun sa rai da auduga, sai gyaɗa ta yi musu ba-zata: a 1913 Nijeriya ta fitar da fiye da tan 19,000. Kamfanoni irin su Niger Company da John Holt suka kafa sikeli kusa da tasha, dillalai suka bazu ƙauyuka. Binciken masana irin su Jan Hogendorn da Mohammed Bashir Salau ya nuna cewa bayi da masu neman kuɗin murgu suna cikin waɗanda suka noma wannan gyaɗa. Sikeli nauyin buhu yake aunawa. Masana'antar mai a Turai kuwa farashi take dubawa.

Ko yarjejeniyar hana aikin tilas ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1930, ba ta hana a koma gidan jiya ba. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an ɗebi dubban manoma daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka halaka da yawa.

A yau Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari sun gaji zango da tasha. Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, ta sabunta dokarta a 2015, duk da haka tsohon ciwon bai warke ba. Yarinyar da aka kawo aikatau daga ƙauye, wata ce ke karɓar albashinta. Matashin da aka yaudara da aiki a Libiya yana bin hanyar Agadas, wadda ayari ya bi, sannan a riƙe shi da bashin tafiya, murgun da ba ya ƙarewa.

Doka takan kama mai safara, amma ba ta zama a kowane shago. Abin da ya rage yana hannun mai dukiya: ya san wanda ke masa dako da ɗinki da noma, ya yanke lada a fili gaban shaidu, ya damƙa shi ga wanda ya yi aikin, kada ya riƙe takardun kowa, ya kuma tuhumi araha idan ta wuce hankali, tunda an ce araha ba ta ado. Shekaru 400 da suka wuce aka ɗora nauyin bincike a wuyan mai saye, har yanzu kuwa ba a sauke masa ba.