Daga Wayar Tangaraho Zuwa Taron Ido-da-Ido: Ina Rabon Jangebe?

Masu kuɗi a yau suna cewa babu kasuwar da ta kai ta shimfiɗa wayar intanet mai ƙarfi, tun da mutane sun koyi yin taro suna ganin juna ta waya. To, kafin mu yi musu tafi, ya kamata mu waiwayi yadda waya ta shigo ƙasar Hausa.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya sa aka ja wayar tangaraho zuwa manyan garuruwan Arewa. Ba don talaka aka ja ta ba, don Razdan ya riƙa jin umarni daga Zungeru ne. Haka aka tafi har zamanin NITEL, wadda aka kafa a 1985. Ya zuwa 2001 layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A wannan shekara MTN da Econet suka biya dala miliyan 285 kowannensu don lasisin wayar salula, sai ga waya a hannun mai sayar da albasa a kasuwar Talata Mafara.

Amma murya daban, hoto daban. Hoto mai motsi yana cin data ƙwarai, shi ya sa fara aikin wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 a Legas a 2010 ya zama babban al'amari. Da annobar korona ta zo, Shugaba Buhari ya jagoranci taron majalisar ministoci ta bidiyo a watan Mayun 2020, makarantu da ofisoshi suka rungumi Zoom, kamfanoni kuwa suka hango riba.

Sai dai mai zuba jari inda yake sa ran kuɗinsa zai dawo nan yake haƙa rami. Jangebe, inda aka sace 'yan mata 279 daga makarantar sakandare a Fabrairun 2021, ba ta cikin irin waɗannan wurare. A Satumban shekarar ma hukumar NCC ta rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya bisa roƙon Gwamna Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Makonni da dama mutumin Bakura ko Maradun bai iya ko da gaisawa da ɗansa da ke Kano ba, balle ya ga fuskarsa.