Idin Magami: Abin da Limamai Za Su Koya daga Tarihin Gobir

Duk shekara sau biyu jama'ar gari sukan hallara a filin idi, sarki da talaka, attajiri da almajiri, kowa cikin tufafinsa na salla. Babu wani taro a ƙasar Hausa da ya kai wannan cika. Amma da zarar liman ya sallame ya tashi yin huɗuba, sai ka ga sahu ya fara watsewa, wasu sun nufi gida yankan rago, wasu sun nufi kallon hawa. Wannan ya isa ya dami malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, domin tarihinmu ya nuna cewa maganar ranar idi ta taɓa yin nauyin da ya kai ga sarki.

A wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya kira malaman ƙasarsa su yi Babbar Salla tare da shi a Magami. Cikin waɗanda suka amsa kiran akwai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, cikin jihar Tawa ta yanzu. A lokacin ya shekara fiye da 10 yana wa'azi a Dagel da Kabi da Zamfara. Bayan salla, sarki ya fito da dukiya ya raba wa malamai kamar yadda aka saba. Shehu bai karɓa ba. Maimakon kyauta sai ya roƙi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar Gobir, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda aka tsare, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da su duka. Ƙanen Shehu, Abdullahi, ya ambaci wannan taro a littafinsa Tazyinul Waraƙat.

Abin da Shehu ya faɗa a Magami ba huɗubar salla ba ce, jawabi ne a gaban sarki. Duk da haka darasin na masu huɗuba ne. Biyu daga cikin buƙatun nan, wato sakin ɗaurarru da rage haraji, kukan waɗanda ke zaune a sahun baya ne. Shehu ya san kukan domin ya zauna da masu shi. Ɗansa Muhammadu Bello ya bayyana a Infaƙul Maisur cewa yakan fito wa jama'a da sakin fuska, ya yi haƙuri da su, ya karantar da su cikin harshen da suke ji. Shi kuma Bawa, wanda zuriyar Gobirawa a Tsibiri ke alfahari da shi har yau, ya cancanci yabo, tun da ya saurari gaskiya a bainar jama'a bai fusata ba. Da magadansa suka bar wannan hanya, Nafata ya taƙaita wa'azi ya hana rawani, aka kai ga hijirar Gudu a 1804 da yaƙin da ya biyo baya.

Limamin yau, a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, yana da lasifika da rediyo, abin da malaman Magami ba su samu ba. Abin da ake roƙonsa shi ne ya shirya huɗubarsa tun kafin jajibere, ya cika sharuɗɗanta kamar yadda fiƙihu ya tanada, sannan ya isar da ma'anarta da Hausa ko Zabarmanci ko duk harshen masu sauraro. Ya faɗi wanda ya cancanci zakkar fidda kai da yadda ake rabon naman layya. Ya tuna da marayu, da ƴan cirani, da maƙwabtan da suka daina gaisawa, da yaran da ba a sa makaranta ba. Ya taƙaita, don rana na dukan tsofaffi. Kada goron salla ya ɗaure masa harshe.

Malaman lakol da ƙungiyoyin al'adu ma suna da rabonsu: su koya wa ɗalibai labarin Magami, su zauna da limaman unguwanninsu kafin salla su gaya musu abin da ke damun jama'a. Idan mutane suka ji damuwarsu a bakin liman, za su zauna har a shafa fatiha.