Northern Dancer: Gajeren Ingarman da Jininsa Ya Cika Bargogin Duniya

A 1962 aka fito da wani duƙushi a gonar Windfields da ke Kanada, aka sa masa dala 25,000. Masu saye suka zagaya shi, suka ga gajere ne mai kauri, da farin zane daga goshi har hanci, suka wuce. Dole mai shi, E. P. Taylor, ya mayar da shi barga. Wannan duƙushin shi ne Northern Dancer, ɗan Nearctic da goɗiya Natalma, wanda aka haifa a 1961. A ganina darajarsa ta gaskiya tana cikin irin da ya bari, ko da yake a fagen tsere ma ba kanwar lasa ba ne.

Sau 18 ya shiga tsere, ya ci 14, kuma bai taɓa faɗuwa ƙasa da na uku ba. A 1964, da Bill Hartack a bayansa, ya cinye mil ɗaya da kwata na gasar Kentucky Derby a minti 2 cif, ya tsere wa zabgegen dokin nan Hill Rise da tsawon wuya kawai. Babu wanda ya karya wannan lokaci sai Secretariat a 1973. Ya ci Preakness, ya zo na uku a Belmont, ya koma gida ya ɗauki Queen's Plate, daga nan jijiyar ƙafa ta tsayar da shi. An yi dawakan da suka fi shi gudu, wannan ba abin musu ba ne.

Abin da ba su da shi sai a wajen haihuwa ya bayyana. Ɗansa Nijinsky ya lashe manyan gasanni uku na Ingila a 1970, kuma har yau ba a sake samun wanda ya haɗa su ba. Wani ɗansa, The Minstrel, ya ci Derby na Epsom a 1977. A 1984 kuwa 'ya'yansa biyu ne suka yi kankankan a wannan gasa, Secreto ya sha da ƙyar a hannun El Gran Senor. Ɗansa Sadler's Wells ya zama zakaran ubannin dawaki a Birtaniya da Ailan har sau 14, ya haifi Galileo, shi kuma ya haifi Frankel.

Wasu za su ce ai duk ingarman da aka tara wa zaɓaɓɓun goɗiyoyi dole ya haifi na ƙwarai. Sai dai an haifi Nijinsky tun 1967, lokacin da kuɗin barbarar uban ke kan dala 10,000, kafin attajirai su yi masa caa. 'Ya'yan ne suka ɗaga farashin har ya kai dala miliyan 1 a shekarun 1980. Wata hujjar da ake kawowa ta fi nauyi: a 1983 Sheikh Mohammed na Dubai ya biya dala miliyan 10.2 a gwanjon Keeneland kan Snaafi Dancer, ɗan Northern Dancer da bai taɓa shiga tsere ko sau ɗaya ba. Gaskiya ne, jini ba ya ɗaukar wa kowa alkawari, amma laifin nan na zafin kasuwa ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu kiwo suka raja'a a kan zuriya ɗaya, har ta kai ana yawan haɗa jika da jikanya, irin yana ta ƙuntata. Shi dai Northern Dancer ya mutu a 1990 yana da shekara 29 a Maryland, aka ɗauko gawarsa zuwa Oshawa aka binne a gonar da aka haife shi.