Falke Barmu, manomin da ya ƙawata masallacin Yama da laka



Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san tsohon zaure mai zane a goshi: dagi, takobi, wani lokaci har keke ko jirgin sama, an shafe bango da makuba, an bi shi da farar ƙasa, daga baya fenti ya shigo. Ka tambayi gidan wane ne, yaro ma zai faɗa maka. Ka tambayi wa ya yi zanen, sai dattijai su shiga kallon juna. Yau mun ɗauko labarin ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da sunansu bai ɓace ba. Maƙwabcinmu ne na jihar Tawa, Alhaji Falke Barmu na garin Yama.

Falke manomi ne kuma magini, kamar yadda maginanmu na karkara suke: damina gona, rani gini. A 1962 mutanen Yama sunka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, sunka damƙa masa aikin. Babu kamfani, babu injiniya. Gayya anka yi, wasu na buga tubali, wasu na jan ruwa, wasu na kawo itace. Ginin farko bai da wani ado sosai, ɗaki ne mai kusurwa huɗu da ginshiƙai da mihirabi.

A 1975, da rufin ya buƙaci gyara, sai Falke ya ƙi maida shi yadda yake. Ya ɗaura bakan gizo na itace da anka lulluɓe da laka, ya tada tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma nan ne hannunsa ya fito sarai. Babu guda biyu masu kama da juna. Kowace tana sirancewa in tana hawa, da ɗamara-ɗamara a jikinta, da ƙananan tagogi, da zankwaye a kai. Wani magini da ya yi ɗaya sai ya kwafe ta sau uku, ya huta. Shi ko kowace hasumiya sabon tunani ya yi mata.

To, wani zai ce ina launi? Ai gidajen Birni na Damagaram da na Zariya su ne masu ja da kore da shuɗi. Gaskiya ne. Amma a ganinmu Falke ya ɗauki hanya mafi wuya. Launi ɗaya gare shi, na ƙasar garinsu, sai ya sa rana da inuwa su yi masa aikin fenti. Zanen da ya tono ko ya tudo a bango, kamanninsa da hantsi daban, da la'asar daban.

A 1986 masallacin Yama ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake bayarwa duk shekara uku. Ayyuka shida anka zaɓa a wannan karon, anka yi bikin a Marrakesh ta Maroko. Cikinsu akwai gyaran masallacin Al-Aƙsa na Ƙudus, da masallacin Bhong na Pakistan wanda ya sha launi tun daga ƙasa har sama. Ku duba fa, ginin laka na ƙauyen Adar a sahu ɗaya da waɗannan.

Sai dai kyauta ba ta tare ruwan sama. Ginin laka yana son yaɓe a kai a kai, in an yi sakaci damina biyu uku zane ya fara zubewa. Mu nan mun san yadda ake yi: bango ya tsage, ɗa ya dawo daga ci-rani da kuɗi, a rushe zauren kaka a dasa bulo da kwano. Ba mu ga laifin kowa ba, wa ke son ɗaki ya faɗo wa iyalinsa cikin dare? Amma ko hoto ɗaya ba a ɗauka kafin a sa diga, alhali waya na aljihun kowa, balle a tambayi tsofaffi sunan maginin.

Aikin Falke kansa ya kusa shiga wanga hali. A Dandaji, nan jihar Tawa, akwai wani masallaci nasa da ya tsufa, har anka yi niyyar rushe shi a yi na siminti. Mariam Kamara, mai zanen gine-gine 'yar Nijar wadda asalin iyayenta can ne, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, sunka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci a gefe, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Anka nemo maginan da sunka yi aikin farko, su sunka gyara bangon da adonsa. An kammala a 2018, anka sa wa wurin suna Hikma. Yanzu yara da mata na karatu ƙarƙashin bakan gizon da Falke ya ɗaura.